Biyan kuɗi don cire talla a waya: yadda ta kaya a wani gida a ƙasar Garun Malam

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai yana raya noman rani. Na sakaya sunan ƙauyen da na mutanen gidan, domin haka muka yi da su. Maigidan manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, kuma a kasuwar Kwanar Gafan ake sanin ko shekararsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Matansa biyu. Uwargida tana sana'ar dafa shanshera ta shanya, kamar mata da yawa a yankin Kura, amarya kuma tana ɗinkin hula. Babban ɗansa yana tsaron shago a Kantin Kwari, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Akwai saurayi ɗan shekara 16, sannan ƙananan yara na ɗakunan biyu.

Babu talabijin a gidan. Wayoyin wuta sun ratsa ƙauyen, amma ba a dogara da su, ƙaramar sola ce a kan rufin zaure take cajin waya da fitila. Manyan wayoyi huɗu ne ke kwana a gidan: ta maigida, ta uwargida wadda tsohuwar wayar ɗanta ce, ta amarya da ta zo a lefe, da ta saurayin da ya saya da kuɗin tsinkar tumatir. Duk kallon da ake yi a nan ake yin sa, galibi bayan sallar isha'i, a tsakar gida.

Tsakanin kakar 2024 da bazarar 2025 gidan ya gwada biyan kuɗin wata don a daina ganin talla a cikin abin da ake kallo a YouTube. Na bi lamarin a matsayin maƙwabci da akan kira idan waya ta rikice, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi, saboda gidaje da yawa a karkararmu suna gab da fuskantar wannan tambaya, kuma amsar da ɗan birni zai bayar ba lallai ta yi musu daidai ba.

Abin da ya tayar da maganar

Wani dare yara sun haɗa kai a kan tabarma suna kallo a wayar amarya. Maigida ya zo wucewa, idonsa ya faɗa kan fuskar wayar daidai lokacin da wani talla ya fito: mace ce cikin shigar da ba ta dace ba, tana kiran mai kallo ya sauke wata manhajar hira. Bai ce komai ba a wurin. Da gari ya waye ya kafa doka, kada a ƙara miƙa wa yaro waya a gidansa.

Dama ransa ba a kwance yake ba. A ƙarshen 2024 Hisbah tana rufe shagunan cacar ƙwallo a birnin Kano, gidajen rediyo suna ta maganar, kuma a watan Nuwamba Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Ya taɓa ce mini a bakin masallaci, shago ana sa masa kwaɗo, to wanda ke cikin aljihun yaro fa, wa zai rufe shi?

Dokar ba ta daɗe ba. Matar da ke gaban tukunyar shanshera da hayaƙi a ido, ga na goye ga mai rarrafe, ta san amfanin wayar da za ta zaunar da yara wuri ɗaya na rabin sa'a. Da babban ɗan ya zo gida, mahaifiyarsa ta kai masa maganar, ba tare da ta kama sunansa ba tunda ɗan fari ne. Shi kuma ya sami mahaifinsa a zaure.

"Baba, akwai yadda ake yi. Idan ana biyan kuɗi kaɗan duk wata, tallan zai ɗauke gaba ɗaya."

"Nawa ne?"

"Naira 1,700, na gida duka. Ni zan riƙa biya."

"In dai zai hana yaran nan ganin abin da na gani, je ka biya. Allah ya yi maka albarka."

A wannan 'yar tattaunawa matsalar ta samo asali, ko da yake babu wanda ya lura a lokacin. Uban kariyar tarbiyya yake nema. Abin da ɗan ya san ana sayarwa kuwa kallo ne marar yankewa a manhaja guda ɗaya. Su biyun sun ɗauka abu ɗaya suke magana a kai.

Tsarin da ya biya shi ne YouTube Premium, wanda ya shigo Najeriya a watan Maris na 2020. A lokacin na mutum ɗaya naira 1,100 ne a wata, na iyali naira 1,700. Kuɗin suna cire tallan da kamfanin ke sakawa, suna ba da damar sauke bidiyo a ajiye a cikin manhajar, sannan sauti ya ci gaba da fita ko an kashe fuskar waya. A tsarin iyali mai biya yana ƙara mutum biyar, kowa da asusunsa na Google, kowa ya kai shekara 13, kuma duk a gida ɗaya suke zaune.

Bai ɓata lokaci a kan sauran ba. Netflix ta shigo Najeriya tun 2016, kuma a nan ba ta da tsari mai talla, kowane tsarinta na biya ne, mafi arha na waya a ƙarshen 2024 naira 2,200. Amma abin da ke cikinta da Hausa kaɗan ne ƙwarai. Arewa24 tana kan tauraron ɗan'adam kyauta tun 2014, sai dai tana bukatar talabijin da wuta. Abin da gidan ke kallo yana YouTube: fina-finan Hausa masu dogon zango da suka koma can bayan kasuwar faifai ta mutu, karatun malamai, tafsiri, labaran BBC Hausa, da guntayen wasannin ƙwallo.

Shigar da mutanen gidan cikin tsarin ya ci yini guda. Kuɗin ba su ba da wahala ba, tunda ɗan yana da kati, kuma tun 2023 Google Play ke karɓar katin Verve da naira. Asusun ne ya zama aiki. Babu wanda ya san lambar sirrin imel ɗinsa. Na amarya wani yaron shagon caji ne ya buɗe mata, shi kuma ya tafi ci-rani Legas. Wayar uwargida har lokacin da tsohon asusun ɗanta take aiki. Sai da aka buɗe sababbi, aka rubuta lambobin a bayan wani littafi aka ajiye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a ƙauyukanmu mutane da yawa suna riƙe da waya amma mabuɗin asusunsu yana hannun wani, kuma duk abin da za a saya da kuɗi a kan irin wannan asusu yana cikin kasada.

Akwai kuma sharaɗin zama gida ɗaya, ga shi mai biyan yana kwana a birni yawancin mako. Shi a ganinsa gidan mahaifinsa ne gidansa, ɗakinsa yana nan, kayansa suna nan. Ina ganin yana da hujja. Amma abin da wasu abokansa ke yi, su tara mutum shida daga garuruwa daban-daban kowa ya kawo kasonsa, saɓa sharaɗi ne ƙarara, kuma wanda ya danna ya amince da sharaɗi ya ɗauki alkawari.

Watannin farko

Tallan kamfanin ya ɗauke kamar yadda aka faɗa. Wadda ta fi jin daɗin haka uwargida ce, kuma dalilinta ya fi ƙarfin nishaɗi. Tana bin karatun wani malami, littafi guda daga farko, kashi bayan kashi. Duk bidiyon da ya kai minti 8 ana iya saka masa talla a tsakiya, don haka sau da yawa malam yana tsakiyar jan aya sai kiɗa ya ɓarke ana tallan lemo ko manhajar ba da bashi. Takan ajiye muciya ta goge hannu ta nemi inda ake dannawa a tsallake, rubutun kuma da Turanci, wani lokaci ta danna inda ba shi ba a kai ta wani shafi, karatun ya ɓace sai an jira yaro ya dawo daga makaranta. Wannan wahala ta ƙare mata. Mace ce da aka aurar kafin ta yi nisa a karatu, yanzu a shekarunta ta sami hanyar da za ta koyi hukuncin tsarki da salla a cikin gidanta, a lokacin da ta ga dama, ta maimaita inda ba ta gane ba. Duk wanda zai yi lissafin ko kuɗin sun biya bukata, dole ya sa wannan a ma'auni, kuma yana da nauyi.

Sai dai ba a yi mako uku ba maigida ya sake tsayawa a kan yara. Ana tsakiyar fim sai labari ya tsaya, wani mutum ya fito yana bayanin magungunan ma'aurata, da Hausa tsantsa, dalla-dalla, ga lambar waya tana yawo a ƙasa. Ya kira ɗansa a waya a daren.

"Ba ka ce an cire ba?"

"An cire na kamfani, Baba. Wannan masu fim ɗin ne suka saka da kansu, a jikin fim ɗin yake."

Gaskiya ya faɗa, kuma babu kuɗin wata da zai taɓa irin wannan. Masu shirya fim suna samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da YouTube ke sakawa a dogayen bidiyo, amma abin da masu talla ke biya don mai kallo a Najeriya bai kama ƙafar abin da suke biya don na Amurka ko Ingila ba. Kuɗin ba sa isa a biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto duk mako. Shi ya sa suke sayar da fili a cikin fim ɗin kai tsaye ga masu filaye, masu atamfa, gidajen abinci da masu maganin gargajiya. Ba na zarginsu da neman abin da za su riƙe sana'arsu. Amma ga uba, wannan tallan ya fi wancan haɗari, domin na Turanci yaro yana ganin hoto ne kawai, na Hausa kuwa yana jin kowace kalma, gobe ya maimaita ta a gaban baƙi.

Abin da ya fi wannan girgiza gidan ya zo daga baya. Tallan farko, na macen nan, ya sake fitowa a wayar amarya, alhali ana biyan kuɗi. Wata yarinya 'yar shekara tara ce ta warware zancen. Ta ce ai ba a fim yake fitowa ba, a wasan jera 'ya'yan itatuwa ne, duk sanda aka ci mataki sai ya fito. Ashe a wancan daren ma sun bar fim sun shiga wasa. Wasannin waya na kyauta da manhajojin tura fayil da yawa da talla suke rayuwa, kuma ba su da wata alaƙa da kuɗin da ake biya a wani wuri. Haka TikTok da Facebook, inda amarya da saurayin suka fi daɗewa, kowanne da nasa tallan. Wato abin da maigida ya amince a biya kuɗi don a kawar, tun farko ba ya cikin abin da kuɗin ke iya kawarwa.

Maganinsa bai ci ko sisi ba. An goge wasannin, an sa wa wayoyin matan makulli, an shiga saitin talla na Google inda ake iya rage tallan caca, giya da neman abokan soyayya, an kunna takaita abin da manhajar ke nunawa. Akwai YouTube Kids, manhajar da aka ware wa yara, kuma tun bayan da hukumar kasuwanci ta Amurka da jihar New York suka ci tarar kamfanin dala miliyan 170 a 2019 kan tattara bayanan yara, an daina bin sawun mai kallo da talla a bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne. Amma wannan kariya ba ta cika isowa irin wannan gida ba. Yaran ba zanen yara na Turanci suke kallo ba. Abin da iyayensu mata ke kallo shi suke kallo, a waya ɗaya, a asusu ɗaya.

Data

Ɗan ya yi zaton cire talla zai rage cin data. Lissafin bai goyi bayansa ba. Kashi ɗaya na fim yakan kai minti 50 zuwa sa'a guda, tallan da ke ciki kuma, idan ana tsallake mai tsallakuwa bayan daƙiƙa 5, 'yan mintuna ne ƙalilan. Fim ɗin kansa ne ke shan data, kuma gwargwadon kyan hoton da aka zaɓa. A gidan ma sai abin ya juya: cin data ya ƙaru. A da talla yakan yanke kallo, uwa ta ɗaga kai ta ga dare ya yi ta karɓe wayarta. Yanzu kashi yana ƙarewa wani ya hau da kansa, babu abin da ke farkar da kowa, sai saƙon cewa data ta ƙare.

Ana cikin haka, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, bayan farashin ya daɗe a tsaye tun 2013. Zuwa Fabrairu an ji a jika. Da aka zauna aka haɗa abin da wayoyi huɗun ke ci a wata, ya ninka kuɗin cire tallan sau da dama. A nan ne bambancin ƙauye da birni yake. Mai intanet na gida da ba ya ƙarewa, kuɗin wata shi ne abin da yake kashewa a kallo. A wannan gida kuɗin wata ƙari ne a kan babban kashin da ba ya gushewa, kuma kuɗin shigar gidan ba wata-wata suke zuwa ba, dunƙule suke zuwa da kaka da lokacin tumatir, sannan a yi watanni ana lallaɓawa. Shekarar da ƙwaron sharon ya faɗa wa tumatir, ko kwando ya faɗi warwas a Kwanar Gafan saboda kaya sun yi yawa, cirar da ake yi wa kati kai tsaye duk wata ba ta san da wannan ba.

Abin da ya fitar da kuɗin kunya wani abu ne da ba a saya dominsa ba, wato saukewa.

Sabis a ƙauyen yana da rauni a cikin ɗaki, da magariba kuma, sanda kowa ya hau, fim yakan tsaya yana juyi. Bayan tsakar dare sai hanya ta buɗe, kuma kamfanonin waya suna sayar da datar dare da arha. Aka fara ba saurayin aikin sauke fina-finan mako da dare. Ba a jima ba aka gane an yi gudun gara an faɗa gidan zago: an ba ɗan shekara 16 dalilin zama da waya da data ƙarfe ɗaya na dare, kowa yana barci. Uwargida ce ta tsayar da abin. Dama tana tashi kafin asuba, sai babban ɗan ya nuna mata kibiyar da ake dannawa da yadda ake zaɓar ƙaramin hoto, wanda a fuskar waya ya wadatar. Ta riƙa sauke karatunta da kashi ɗaya ko biyu na fim kafin datar dare ta rufe.

Daga nan tsarin gidan ya canja. Idan za a ba yara waya, sai a kashe data. Abin da uwa ta sauke da hannunta shi kaɗai ke buɗewa. Babu bidiyo na gaba da zai hau da kansa, babu shawarar da manhaja za ta kawo, idan ya ƙare ya ƙare. Tallan da ke jikin fim kuwa, tunda ta riga ta kalla ko ta san inda yake zuwa, takan ja shi gaba. Kariyar da maigida ya nema tun farko ta samu daidai gwargwado, amma daga hannun matarsa ta fito, kuɗin sauƙaƙa mata aikin kawai suka yi.

Dole a faɗi iyakar wannan. A Najeriya wasu bidiyoyin suna saukuwa a cikin manhajar ko ba a biya ba, biyan yana faɗaɗa abin ne. Abin da aka sauke kuma a cikin manhajar yake zama, ba ya turuwa zuwa wata waya, yana bukatar a haɗa da intanet aƙalla sau ɗaya a kusan wata guda, kuma ranar da aka daina biya, abin da aka sauke da tsarin ya daina buɗewa. Amarya ba ta ji daɗin wannan ba ko kaɗan. A wurinta rabin daɗin fim shi ne ta tura wa ƙanwarta da maƙwabciyarta su kalla su zo a yi hira. Ta ce mai turawa na bakin kasuwa ya fi mata, naira 50 zuwa 100 a sa mata kashi guda a memori, ba data, ba jira, kuma ya zama nata.

Ta fuskar kuɗi tana da gaskiya. Gidan da ke bin fim biyu a mako, abin da zai ba mai turawa a wata bai kai kuɗin rajista da data ba. Amma akwai abin da ba ya fitowa a wannan lissafi. Matan aure ba sa zuwa shagon da kansu, yaro ake aika. Yaron zai tsaya a cikin samari, ga kwamfuta a buɗe, ga sifika, ana kallon abin da aka ga dama, ya jira layi na rabin sa'a. Memori kuma yakan dawo da abin da ba a aika a sa ba. Uban da talla na daƙiƙa 15 ya hana shi barci, ya shekara yana ganin ana aiken 'yarsa wannan wuri bai kawo komai a ransa ba, saboda abu ne da aka saba. Da aka nuna masa haka ya yi shiru, sannan ya ce daga yau babu ƙaramin yaron da zai ƙara zuwa. Sai kuma haƙƙin masu fim. Wanda ya kalla a tashar mai fim, ko da talla ko da kuɗin wata, wani abu yana isa ga waɗanda suka yi wahalar, domin kamfanin yana raba kuɗin masu rajista gwargwadon lokacin da aka kalla. Abin da aka kwafa daga memori zuwa memori sau da yawa ba ya kai musu komai. Muna son a yi mana fim mai tsafta da harshenmu, kuma ba zai yiwu ba idan masu yi ba sa mayar da kuɗinsu.

Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, ana tsakiyar ban ruwa. Maigida ya gwada sauraron tafsiri a gona, waya a aljihu, fuskarta a kashe, batir yana kai shi yamma. Ya yaba. Amma da kansa ya ce ƙaramar rediyonsa tana yi masa wannan aiki shekara da shekaru, gidajen rediyon Kano suna sa tafsiri dare da rana a watan, ba a taɓa cirar masa ko kwabo ba.

Zaman da aka yi a zaure

A Afrilun 2025 saƙo ya zo cewa farashi ya tashi. Na iyali ya koma naira 2,800, na mutum ɗaya naira 1,700. Maigida ya sa aka buga masa na shekara, aka ce naira 33,600.

"Ya kusa buhun taki," in ji shi.

"Ai ni nake biya, Baba."

"Kuɗinka ma na gidan nan ne. Aure ne a gabanka."

Da aka duba wanda ke amfana, lissafin ya fito fili. Maigida ya koma rediyonsa. Saurayin yawancin lokacinsa a wasu manhajojin yake, inda tsarin bai taɓa shafa ba. Amarya ta fi son abin da za ta iya turawa. Uwargida ce kaɗai ke cin moriyar kowane ɓangare, kuma a wayarta yara ke kallo. Kujera shida ake biya, ɗaya ce ake zama a kai sosai.

Komawa tsarin mutum ɗaya yana nufin a ci gaba da biyan naira 1,700 da aka saba. Sai dai a gidan mace biyu tambayar wayar wa za a sa ba ta fasaha ba ce, ta adalci ce, kuma maigida bai ɗauke ta da wasa ba. Abin da ya sassauta lamarin shi ne kuɗin na ɗa ne yake yi wa mahaifiyarsa hidima, ba rabon miji ba ne. Duk da haka uwargida ta ce, "Malam, a bar shi a wayata, amma kallon yara a tsakar gida za a riƙa yi, na ɗakina da na ɗakinta, ba wanda za a ware." Amarya ta ce, "Yaya, ni ban da damuwa, in dai za a riƙa kawo mini nawa." Aka tsaya a kan babban ɗan ko saurayin ne za su riƙa zuwa wurin mai turawa idan da bukata, maigida kuma ya ɗauki nauyin datar amarya daidai da abin da ake kashe wa abokiyar zamanta.

A ganina sun yanke daidai. Gidan karkara da ke da mutum guda mai dogon sauraro a manhaja ɗaya, wanda yankewar talla ke ɓata wa karatu, kuma akwai babba da zai ɗauki nauyin saukewa da kashe data, kuɗin mutum ɗaya sun biya bukata, matuƙar ba daga kuɗin cefane ko na makaranta za a cire ba. Tsarin iyali kuwa an yanka shi ne don gidan da kowa ke da asusunsa, da wayarsa, da intanet mai yalwa, kowa yana kallon nasa a ɗakinsa. A gidan da mutum takwas ke haɗa kai a kan waya ɗaya, biyan kujera shida asara ce. Wanda kuma zai biya don ya huta da sa ido a kan 'ya'yansa, gara ya riƙe kuɗinsa, domin tallan da ya fi tayar masa da hankali yana cikin wasanni, yana jikin fim, yana wasu manhajojin, kuma duk a hannu ake maganinsu.

Abin da ba a warware ba shi ne wayar saurayin. Da guminsa ya saya, shi ke sa mata data, kuma babu wani tsarin biya da ya isa inda yake shiga. An yi da shi za ta riƙa kwana a zaure a jikin sola daga ƙarfe goma na dare. Wani daren ana samun ta a can, wani daren ba a samu, kuma mahaifinsa bai yanke shawarar abin da zai yi ba idan abin ya ci gaba. Game da rajistar uwargida, tunda kamfanin yana bari a dakatar da biya har zuwa wata shida ba tare da an rufe asusu ba, sun shirya idan damina ta kankama, aiki ya yi yawa kuma aljihu ya yi sanyi, ɗan zai dakatar, sai an yanke shinkafa a sake dubawa.